Toka, Mai da Wuta: Gwanintar Mai Sabulun Gida

Da zarar an kwashe amfanin gona a ƙasar Batsari da Safana, daga Ruma da Wagini har Runka da Zakka, sai kara ya zama abin rububi. Mai shanu na so, mai gyaran danga na so, mai tuwo na so don murhu. Akwai kuma wadda ba karan take nema ba, tokarsa take jira. Ita ce mai sabulun gida, matar da za ta ɗauki abu biyu da kowa ke wanke hannu in ya taɓa su, wato toka da mai, ta haɗa su a tukunya, ta fito da abin da ake wanke hannun da shi. A ganina wannan sana'a ba ta samu girman da ya kamace ta ba. Yaron sakandaren da ke zufa a kan littafin kemistiri, rabin abin da ke ba shi tsoro kakarsa na yinsa a bayan ɗaki, da muciya a hannu.

Aikinta na farko zaɓen toka ne, kuma tun a nan ake gane gwana. Ba ta kwasar tokar murhu yadda ta same ta, don a ciki akwai ƙasa da guntayen gawayi, wani lokaci har da ƙonanniyar leda. Kara take tarawa daban, na gero ko na dawa, in ta samu na riɗi ko totuwar masara ta fi murna. Ta share wuri mai tauri, ta cinna wuta a ranar da iska ta kwanta, ta bar ta ta ci har ta mutu da kanta. Tokar da take so mai haske ce, wadda in an murza a tafin hannu ba a jin tsakuwa. In ta yi baƙi-baƙi, wuta ba ta gama aikinta ba. Sannan ba ta yarda raɓa ko yayyafi ya taɓa ta, domin ta san tokar da ta jiƙa ƙarfinta ya riga ya tsiyaye cikin ƙasa.

Tulin karan da ya fi mutum tsawo ya koma abin da za a kwashe a kwando ɗaya. Ina sauran ya tafi? Wannan tambaya ce ta buɗe ƙofar kemistirin zamani. Jikin kara yawancinsa kabon ne da haidirojin da oksijin. Wuta ta haɗa su da oksijin ɗin da ke cikin iska, suka tashi sama, wani tururin ruwa, wani iskar kabon dayoksaid. Bafaranshen nan Antoine Lavoisier, a littafinsa na 1789, ya kafa hujja da ma'auni cewa in aka auna komai kafin ƙonewa da bayanta, har da iskar da ta shiga da wadda ta fita, nauyin ɗaya ne. Abu ba ya ɓacewa, kamanni yake sakewa. Abin da wuta ta kasa ɗauka shi ne ma'adanan da saiwa ta tsotso daga ƙasa cikin damina: kalsiyam, magnisiyam, fosfaras, da kuma wanda mai sabulu ke farauta, fotasiyam.

Waɗannan sunaye na sinadarai na asali ne, tubalan da aka gina duk abin da ke duniya da su. An san guda 118 zuwa yau, kowanne da irin ƙwayar zarrarsa. A 1869 wani masani ɗan Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera waɗanda aka sani a lokacin cikin jadawali, ya ga masu hali ɗaya suna faɗawa a layi ɗaya. Fotasiyam da sodiyam a layi guda suke, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Shi ya sa toka da kanwa ke aiki iri ɗaya a miya: toka gishirin fotasiyam ne ke cikinta, kanwa kuwa, wadda fatake suka daɗe suna kawowa daga ƙasar Manga da gefen Tafkin Chadi, gishirin sodiyam ce. Matan Hausa sun san in babu wannan waccan za ta yi, tun kafin a haifi Mendeleev. Manomi ma ya san fotasiyam, ko da bai san sunansa ba. Shi ne harafin K da ke jikin buhun takin NPK, kuma shi ne ɗaya daga dalilan da suka sa wurin da aka zubar da toka ke yin dawa mai kyau. Da Baturen Ingila Humphry Davy ya ware shi shi kaɗai a 1807, ta hanyar tura wutar batir cikin abin da aka tace daga tokar itace, sai ga wani ƙarfe mai laushi da wuƙa ke yankawa, wanda in an jefa shi a ruwa yake kamawa da wuta.

Toka ta samu, daga nan sai tsiyaya. Ana samun tsohuwar tukunya ko bokiti a huda gindinsa, a shimfiɗa ciyawa ko tsumma a ciki, a zuba toka a danna ta, a ɗora a kan duwatsu, a sa kwano a ƙasa. Ruwa kaɗan-kaɗan ake zubawa, ba a kwarara shi. Sai a koma wani aikin a bar shi yana ɗiga. Ruwan farko ja ne mai duhu, shi ne mai kaifi, a ajiye shi daban. Na biyu da na uku sun fi sanyi, su ake mayarwa kan sabuwar toka, ko a ɗiba don miyar yakuwa. Hikimar ita ce gishirin fotasiyam na narkewa a ruwa da sauri, na kalsiyam kuwa da ƙyar, saboda haka ruwa ya tafi da abin da ake so ya bar dusa a tukunya. Raba abubuwa ta hanyar bambancin narkewarsu aiki ne da ake yi kullum a ɗakin gwaji da takardar tacewa da mazurari na gilashi. Nazarin irin waɗannan gishiri da ƙarafa da ma'adanai shi ne reshen da ake kira kemistirin inoganik, kuma maƙeri da mai ginin tukwane duk a cikinsa suke.

Gwana ba ta wasa da irin ruwan da za ta zuba. In tana da ruwan sama da ta tara, shi ne kan gaba. Ruwan rijiya mai zartsi kuwa tana gudunsa, don yana ɗauke da kalsiyam da magnisiyam da ya kwaso daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, kuma su ne ke cinye kumfa su bar fari-farin dauɗa a bakin bokiti. Duk wadda ta taɓa wanki da ruwan rijiya biyu daban-daban ta san wannan, ko da ta ɗora laifin a kan sabulun.

Yanzu ga wurin da nake sara wa matan nan: ta yaya take sanin ruwan tokar ya yi kaifin da ake bukata? Ba ta da na'ura. Takan tsoma yatsa biyu ta murza. In ta ji santsi, ya fara. Santsin nan ba na ruwan ba ne, sabulu ne ya fara haɗuwa daga ɗan maiƙon da ke fatar yatsanta. Sai ta ɗiga a kan harshe. Mai sanyi ɗaci-ɗaci kawai yake yi, mai kaifi kuwa cizo yake. Tsakanin waɗannan biyun akwai matakai da yawa da harshenta ya haddace cikin shekaru, waɗanda ba za ta iya faɗa maka da baki ba.

Abin da harshenta ke aunawa yana da lamba. Masana sun kasa irin waɗannan abubuwa gida biyu, dangin tsami da ake kira asid, da dangin kanwa da ake kira alkali, kuma a 1909 wani ɗan ƙasar Denmak, Sørensen, ya fito da ma'aunin pH. An saba karanta shi daga 0 zuwa 14. Tsabtataccen ruwa yana kan 7. Lemun tsami yana wajen 2, tsamiya wajen 3, ruwan toka mai kaifi yana kaiwa 11 ko 12. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, saboda haka tazarar da ke tsakanin 11 da 12 ba ƙarama ba ce. In aka haɗa ɗan gidan nan da ɗan gidan can, sai su kashe wa juna kaifi. Abin da ke faruwa ke nan idan an zuba ruwan toka a yakuwa: tukunya ta yi kumfa, iskar kabon dayoksaid ta fita, tsamin ya kwanta.

Wanda ke son ya gani da ido, ya jiƙa zoɓo ya tace a kofin gilashi. Ya ɗiga ruwan toka: jan zai dushe, ya yi duhu, ya karkata zuwa kore. Ya matsa lemun tsami a kai: ja ya dawo tas. Launin zoɓo yana sauyawa da tsami ko kaifin ruwan da yake ciki, aikin da ruwan gwajin da ake sayowa a kwalba ke yi wa ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO, lokacin da suke ɗiga asid cikin alkali suna jiran launi ya juya. Ban ga dalilin da malamin kimiyya a Safana zai ce ba shi da kayan gwaji ba, alhali zoɓo da toka da lemun tsami suna nan a kasuwa, kuma mai sabulun da za ta nuna wa yara aikin tana bayan makaranta. Wannan reshe na auna mene ne a cikin abu, kuma nawa ne, shi ne kemistirin analitikal. Mutanen Katsina suna da ɗan gida a cikinsa: marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi digirinsa na farko a fannin koyarwa da kemistiri a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gama a 1975, ya koma can ya yi na biyu a wannan reshe, ya kuma koyar a Zariya da Katsina kafin ya zama gwamna a 1999, shugaban ƙasa a 2007.

To, ruwan toka ya samu. Saura mai. Man gyaɗa ya fi sauƙin samu a wannan yanki, wasu na haɗawa da man kaɗanya ko kitsen shanu daga mahauta, mai hali kuma ta sayi alayyadi da ake kawowa daga Kudu, don ya fi kumfa. Mai ba ma'adini ba ne, daga rai ya fito, kuma ƙashin bayansa dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin kabon. Nazarin abubuwan da aka gina kan kabon shi ne kemistirin oganik, reshe mafi yawan 'ya'ya: fetur, roba, sukari, shunin marina, yawancin magungunan asibiti. A da ana zaton sai abu mai rai ne kaɗai zai iya samar da irinsu, har sai da Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji a 1828. Yuriyar nan ce dai, farin takin da ake yi wa masara.

Wanda ya warware sirrin mai shi ne Michel Chevreul na Faransa, a littafinsa na 1823. Ya nuna cewa kowane ƙulli na mai gilisarin ne riƙe da sarƙoƙin asid na kitse. Alkali ne ke tsinke riƙon: gilisarin ya koma gefe, kowace sarƙa ta kama fotasiyam ko sodiyam a kanta. Wannan sarƙa mai sabon kai ita ce sabulu. Kan yana son ruwa, wutsiyar tana son maiƙo. Dillali ne tsakanin mutum biyu da ba sa ga maciji: wutsiyoyi su nutse cikin maiƙon da ke jikin riga, kawuna su tsaya a waje suna riƙe da ruwa, in aka ɗauraye sai ruwa ya tafi da maiƙon da dattin da ya manne masa. Ba kumfar ce ke wanki ba, ko da yake mai saye ita yake dubawa.

Dahuwar ita ce aikin gumi. Ana fara tafasa ruwan tokar shi kaɗai har ya ragu ya ƙara kaifi. Sannan a zuba mai, ba duka lokaci ɗaya ba. Da farko ba sa ko kallon juna, mai yana yawo a sama. Sai tuƙi. Muciya na zagawa, hannu ba ya tsayawa, a hankali ruwan ya gauraye ya yi kauri. Can sai ya taso da kumfa yana neman bakin tukunya, a nan za ka ga ta zare itace biyu daga murhu ba tare da ta daina tuƙi ba. In ya lafa ta mayar. Warinsa ma yana sauyawa, daga na ɗanyen mai zuwa wani mai kama hanci. Yarinyar da ake koya wa ta gaji, ta ce, "Inna, bai yi ba?" A ce mata, "Da saura, 'yar nan, riƙe muciyar da kyau." Sai ya fara barin jikin tukunya, yana bin muciya a dunƙule, launinsa ya yi duhu. Ta ɗebo ɗan kaɗan ta bari ya huce, ta murza a ruwa. In maiƙo ya taso a sama, toka ta yi kaɗan, a ƙara. In ta taɓa a harshe ya yi cizo, toka ta yi yawa, a ƙara mai. In ya yi kumfa, bai bar maiƙo ba, bai kuma ciji harshe ba, an sauke. Sai a bari ya sha iska a cura shi.

Me ya sa sai da wuta da tuƙi na sa'o'i? Amsar tana wurin kemistirin fizikal, reshen da ke duba zafi da ƙarfi da saurin haɗuwar abubuwa. Ƙwayoyi ba sa haɗuwa sai sun yi karo, kuma sai karon ya yi ƙarfi. Zafi ke ƙara musu gudu. A haɗe-haɗe da yawa, ƙarin digiri 10 kan ninka saurin aikin kusan sau biyu. Tuƙi kuma yana farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, wurin da zai taɓa ruwan toka ya ƙaru. Akwai wani abin sha'awa: sabulun farko da ya haɗu shi ke taimaka wa sauran man ya gauraya da ruwa, shi ya sa aikin ke nawa da farko, daga baya ya yi sauri har ya nemi zubewa. Mai sabulu ta san wannan lokacin, ba ta barin bakin murhu a cikinsa ko da baƙo ya yi sallama.

Sabulun toka laushi gare shi, yana jan danshin iska, da damina har yakan yi naso. Halin fotasiyam ke nan. Na sodiyam shi ke yin tauri a yanka shi sanda-sanda, kuma shi ya mamaye duniya bayan Nicolas Leblanc ya samo hanyar yin soda daga gishirin miya a 1791. Tun kafin wannan da ƙarnuka, masana na ƙasashen Musulmi irin su Al-Razi sun rubuta yadda ake ƙara wa ruwan toka kaifi da ƙonanniyar farar ƙasa. Amma na gida yana da abin da yawancin na kamfani ba shi da shi: gilisarin ɗinsa yana nan a ciki, ba a cire an sayar daban ba, kuma shi ke riƙe wa fata danshi a lokacin hunturu. Fatar mutum tana da ɗan tsami, wajen 5 a ma'auni, sabulu kuwa 9 zuwa 10, shi ya sa wanda kaifinsa ya wuce kima ke sa ƙaiƙayi da kaushi. Nazarin abin da sinadarai ke yi a jikin mai rai shi ne bayokemistiri. Shi ya gaya mana cewa ƙwayoyin cuta da yawa, har da ta korona, rigar maiƙo gare su, kuma sabulu yaga ta yake yi. Shi ne kuma ya nuna cewa kanwa in ta yi yawa a wake tana lalata bitamin B1, ko da ta sa ya nuna da wuri.

Shekarun nan na rashin tsaro a gefen Dajin Rugu sun raba mata da yawa da ƙauyukansu, sun dawo garin Batsari, ko Dutsin-Ma, ko Katsina. An bar gona da rumbu a baya, amma sana'ar da ke cikin kai ta biyo mai ita. Sai dai a gari kara ya yi wuya, saboda haka da yawa sun koma sabulun soda, wanda ake koyarwa a tarukan koyon sana'a. A nan harshe ba shi da aiki, sai sikeli. Kilo ɗaya na man gyaɗa yana bukatar soda kimanin giram 135 zuwa 140, man kaɗanya ƙasa da haka kaɗan, alayyadi kuwa wajen giram 175. Wadda ta sauya mai ba ta sauya awo ba, ko dai sabulunta ya yi maiƙo ko ya ci hannun mai wanki. Ana kuma barinsa ya yi kamar mako huɗu kafin a kai kasuwa. Wannan shi ne abin da makaranta ta ƙara a kan ilimin tsofaffi: lamba, wadda za a rubuta a ba wata ta yi daidai tun ranar farko. Tsohuwar gwana in ta samu sikeli, babu mai kamo ta, don ita ta riga ta san kamannin sabulun da ya yi.

Amma soda ba toka ba ce. Ruwanta yana kaiwa 14 a ma'auni, yana cin fata, yana makantar da ido. Ita ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kanta, domin narkewarta na fitar da zafin da zai iya sa ta fantsama. Ba a jiƙa ta a tukunyar alminiyam, tana cin tukunyar ta fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Roba mai kauri ake so. In ta taɓa jiki, a yi ta kwarara ruwa mai yawa. Babban haɗarin kuwa shi ne ruwan soda fari ne tas, ba shi da wari, yaro ba zai bambanta shi da ruwan sha ba, kuma kurɓa ɗaya na iya ƙone masa maƙogwaro ya tsuke har ya kasa haɗiyar abinci. In hakan ta faru kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja, a nufi asibiti nan take. Don Allah, iyayenmu mata masu wannan sana'a, kada a zuba ruwan soda a gorar ruwa, ko kofi, ko kwalbar lemo. A rufe shi, a ɗora a inda hannun yaro ba ya kaiwa.